Alƙalanci a Bakin Titikaka

Mu uku aka zaunar a zauren taro na Puno,
sanyin tsauni na cizon yatsu ta cikin safa.
Gabanmu takarda mai gida-gida:
labari, hoto, sauti, iya wasa.
Na duba sama, na duba ƙasa,
babu gidan da aka ware wa wahala.

Fim na bakwai na Eusebia Cutipa ne.
Na san ta, duk garin nan an san ta.
Ta sayar da bargon da uwarta ta saƙa,
da tumaki goma sha ɗaya, har da rago mai ƙaho guda,
ta yo hayar kyamara daga Arequipa.
Shekara uku tana riga zakara tashi,
cikin kwalekwalen ciyawa na kawunta,
tana farautar wani haske da ta gani sau ɗaya tana yarinya.
Sau biyu ƙanƙara na fasa mata fitila.
Jaruminta ya tafi haƙar ma'adinai ana tsakar aiki,
ya dawo da gemu da tari.
Aka aske gemun, tarin ya ƙi askuwa.

Aka kashe wuta. Minti tamanin da huɗu.
Gaskiya ɗaci gare ta, amma zan faɗa:
labarin ya yi ta ɗingishi kamar jakin da ya taka ƙusa,
rabin maganar 'yan wasa iska ta kwashe,
inda ya kamata a share hawaye
wani a kujerar baya ya saki hamma.

Nicanor Apaza, dattijon cikinmu,
wanda ya shekara talatin yana yanka fim da almakashi,
ya ce, "Mai sayen dankali ba ya tambayar ciwon bayan manomi.
Abin da ya hau farin ƙyalle, shi muke aunawa."
Ya rubuta huɗu.

Delfina Huanca ta jefar da biro.
"To gumin fa, wa zai auna shi?
Na Lima da ka ba tara,
kuɗin abincinsu na yini ya fi tumakin nan duka."
"Ba rabon sadaka muka zo ba," in ji shi.
"Ba awon dankali muka zo ba," in ji ta.

Ni dai shiru, ina juya abu guda.
A minti na hamsin da ɗaya
tsohuwa na wanke hular mijinta a bakin tafki,
mijin da ruwa ya ci tun farkon labari.
Ba kiɗa, ba magana.
Ta matse, ta girgiza, ta ɗora a kanta a jiƙe,
sai hasken nan ya sauko,
tafkin ya koma narkakkiyar tagulla.
Kyamarar ba ta matso ta leƙa idonta ba,
ta tsaya nesa kamar mai jin nauyi.
Daƙiƙa arba'in.
Ina ji Nicanor ya daina tauna ganyen da ke kuncinsa.

Wahala ba ta sayen kyau, na yarda,
da tana saye, da jaki ya fi kowa ado.
Amma akwai kyan da ba ya leƙowa
sai an yi masa sammako ɗari tara.
Na rubuta shida, hannuna na rawa.
Na ce wa kaina sanyi ne.

Kyauta ta tafi Lima.

A waje na tarar da ita tana naɗe wayar lantarki a gwiwar hannu.
Ba ta tambayi maki ba. Ta ce,
"Ɗigar ruwan hular, an ji ta?"
Na ce an ji.
"Da cokali na yi ta, a kicin, bayan yara sun yi barci."

Sai ga Nicanor, ya ja hula har kunne,
ya wuce mu taku uku, ya tsaya bai waiwayo ba.
"Kawo min shi ran Litinin," ya ce.
"Akwai minti ashirin da ke danne fim ɗinki.
Tsohuwar nan kuwa, ko numfashinta ba zan taɓa ba."